Ranar da muryar ƙane na ta gudu a Maƙarfi

Ni ne na jawo abin, don haka gara in fara da amsa laifi na. Ƙane na da mu ke ciki ɗaya ya shafe wajen shekara guda ya na zirga-zirga tsakanin Maƙarfi da Zariya, ya na koyon waƙa a wani sutudiyo. Ni kuma lokacin ban daɗe da gama difloma ba, na fara ɗauko rahoto, ina ji da kai na wai na san kan industiri. Da bikin ɗiyar kawun mu ya tashi, sai na bugi ƙirji na ce ba sai an ɗauko mawaƙi daga Kano ba, mu na da namu a gida.

Mai karatu, yaron nan ya na da murya, ba don ya na ƙane na ba. Amma duk waƙar da ya taɓa yi, a ɗan ɗakin nan mai kama da akurki ya yi ta, daga shi sai mai fiyano. In ya yi kuskure a tsaya a sake, baiti-baiti, sauran kuma kwamfuta ta gyara. Ko kusa ban kawo wannan a rai na ba.

Ranar biki an kafa rumfa, an tada janareta, mata sun cika maƙil. Aka kira sunan sa, aka miƙa masa makirfo. Kiɗa ya zagayo sau ɗaya, bai shiga ba. Ya sake zagayowa. Ina hango hannun sa ya na rawa kamar mazari, baitin da ya rubuta da kan sa ya ɓace masa ɓat! Wata yarinya ta ƙyalƙyale da dariya. Mai kayan sauti ya saki waƙar da aka naɗa don ya bi ta da baki kawai, amma ina! Sai ya ajiye makirfo ya bi ta bayan gida ya faɗa gonar rake.

Washegari Baban mu ya ce dama ya faɗa, a bar shiririta a koma gona. 'Yan'uwa mata su ka ce an ɗaure masa baki ne, a nemi taimako. Malamin sa na sutudiyo kuwa da na same shi, cewa ya yi, "Ka san wani ba shi da zuciya." Wallahi wannan maganar ta fi ƙona mani rai. Ka karɓi kuɗin yaro shekara guda, ba ka taɓa tsayar da shi gaban ko mutum biyar ba, sannan ka ce ba shi da zuciya?

Haushin nan ne ya sa na shiga bincike. Ashe in tsoro ya kama mutum, jiki na sakin wani sinadari da ake kira adirinalin. Zuciya ta riƙa dukan uku-uku, yawu ya ƙafe, numfashi ya gajarce, alhali mawaƙi da numfashi ya ke cin abinci. Kuma abin bai bar manya ba. Barbra Streisand ta Amurka ta manta baitin waƙa gaban dubban mutane a birnin New York a 1967, kuma da bakin ta ta ce ta yi shekara 27 ta na gudun irin wannan dandali. A 2014 wata malama a Jami'ar Harvard, Alison Wood Brooks, ta fitar da sakamakon gwajin da ta yi: waɗanda aka sa su ka ce "ina ɗoki" kafin su rera waƙa sun fi rera ta daidai a kan waɗanda su ka ce "ina fargaba". Wato bugun zuciyar ɗaya ne, sunan da ka raɗa masa ne ya bambanta.

Duk wannan karatu ne. Wanda ya warware mani matsalar wani dattijo ne mai kalangu a wajen Hunƙuyi, abokin marigayi kakan mu. Na kwashe labari na faɗa masa, ya na saurare ya na gyara tsarkiyar kalangun sa.

"Wa ya tsayar da shi a gaba?"

"Ni ne, Baba."

"To ɗan nan, ai kai ka kada shi."

Ya ce su a zamanin su yaro da ɗaukar kaya ya ke farawa. Ya bi maigida gidan biki, ya zauna a gefe, idon sa ya saba da idon jama'a tun ba wanda ya damu da shi. Daga nan a sa shi cikin 'yan amshi, muryar sa ta ɓuya cikin ta mutum huɗu, ko ta yi rawa ba mai ji. Kuma a nan ne zai gano sirrin da 'yan kallo ba su sani ba: shi ma maigidan ya na mantuwa. In baiti ya ƙwace masa sai ya saki amshi ya zagayo, ya ja numfashi, ya kamo wani. Nan take na tuna da marigayi Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999. Ka saurari yadda 'yan amshin sa ke riƙe da ɗan gajeren amshi, shi kuma ya na shiga ya na fita yadda ya ga dama. Yau kuwa sai a ciro yaro daga sutudiyo a dire shi gaban mutum ɗari uku shi kaɗai tilo, ba amshi, ba kowa a bayan sa.

Da ƙyar na shawo kan ƙanen nawa, don shi a ganin sa ɗan zamani ne, me zai yi da kalangu? Ya dai bi dattijon bukukuwa a ƙauyukan Kudan da Ikara. Wata biyu ba abin da ya ke yi sai amshi. A na uku aka fara jefa masa baiti ɗaya ba tare da sanarwa ba. A gida kuma na kafa masa doka: kullum bayan Isha'i zai yi waƙa guda gaban ƙannen mu da Inna, daga farko har ƙarshe, ko ya yi kuskure ba tsayawa. Yaran nan ba su da kunya, har gwalo su ke yi masa, ni kuwa haka na ke so.

Kwanan baya aka gayyace shi wani biki a Ikara, ya tafi da abokan sa biyu su yi masa amshi. Kafin a kira shi na ga ya koma bayan rumfa ya na jan numfashi a hankali. Na ce, "Yaya dai?" Ya ce, "Yaya, gaba na faɗuwa ya ke yi." Na ce ɗoki ne. A baiti na biyu ya tsallake layi guda cur, yaran su ka zagayo da amshi, ya kamo na uku. Duk wurin ni kaɗai na sani. Uwar amarya ta taso ta yi masa liƙi.

Da mu ka dawo gida Baba bai ce komai a kan waƙa ba. Ya dai tambayi nawa aka samu, sannan ya ce a tuna gobe da asuba akwai saran rake.