Kunya Ce Ko Ciwo?

Masu iya magana kan ce zumunci a ƙafa yake. To yaya ke nan ga wanda ƙafarsa ke rawa tun kafin ya isa ƙofar gidan? Irinmu muna da yawa, sai dai ba a san da mu ba, domin taro shi ne abin da muke gudu.

Mai karatu zai yi mamakin jin haka daga bakin malamin makaranta. Shekara 20 ke nan muna riƙe da alli ba mu taɓa jin ɗar ba, saboda a aji mun san abin da za mu faɗa. Amma a ce gobe akwai ɗaurin aure ko zaman makoki, to a daren barci sai ɓarawo. In mun isa, gaba ya yi ta faɗuwa, tafin hannu ya jiƙe, mu ga kamar kowa mu yake kallo. Tun muna yara ake yabonmu da kunya, har mu ma muka yarda.

A watan Maris na 2020 cutar korona ta sa aka rufe makarantu, a watan Afrilu kuma aka kulle Kano, ga azumi ya kama. Jama'a na kukan rashin kasuwa da jam'i da majalisa, mu kuwa, Allah Ya yafe mana, ajiyar zuciya muka yi a ɓoye. Ba musafaha, ba ziyara, ga takunkumi ya rufe rabin fuska. Faɗuwa ta zo daidai da zama.

A cikin wannan wata da dattawa suka yi ta rasuwa a birni, Allah Ya ɗauki ran kawunmu, wanda a gidansa muka yi sakandare. Muka yi ta'aziyya ta waya, muka fake da doka. Da aka janye kullen ne asirinmu ya tonu, domin doka ta tafi amma ƙafa ta ƙi tashi. Ashe zaman ɗaka kiwon tsoron muka yi har ya yi ƙiba. Kullum sai mu ce gobe, kowace goben kuma ta ƙara mana nauyin abin da za mu faɗa in mun je. Dangi suka ce girman kai ne irin na 'yan boko. Uwargida ta gaji da ba da haƙuri a madadinmu. Abinci ya fita ranmu, yara suka koma raɓe-raɓe saboda faɗan da ba dalili.

Sai bayan wata 7 muka yi ta maza muka je. Matar kawu ta dube mu ta ce, "Ɗan nan, ashe kana gari?" Muka sunkuyar da kai. Ta ce, "Kawunka ya sha gaya mini kai ba ka iya mutane ba, kada in riƙe ka. Zauna ka sha ruwa." Da zaginmu ta yi, da ya fi mana sauƙi.

Daga nan muka nemi likita, ya ce wannan larura ce sananniya, kuma gudun jama'a shi ke ciyar da ita. Maganinta shawarar masana da komawa cikin mutane kaɗan-kaɗan, wani lokaci a haɗa da ƙwayoyi. Da gaida maƙwabci ɗaya muka fara.

Yanzu in muka ga ɗalibin da ke laɓewa a kujerar baya, wanda murya ke sarƙe masa in an kira sunansa, ba ma saurin cewa yaron kirki ne mai kunya. Mukan ja shi gefe mu tambaye shi. Kunya ta gaskiya mugun aiki take hana mutum. Wadda ta hana shi zuwa ta'aziyyar wanda ya riƙe shi kuwa, sunanta ciwo. Iyaye da 'yan'uwa malamai, mu lura da masu shirun cikinmu. Allah Ya ji ƙan kawu, Ya ba mu ikon sada zumunci.