Wasiƙa Zuwa Ga Yaya Kan Tsoffin Fayafayai

Yaya,

 Ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da yayyafin Manchester da ba ya ɗaukewa.

Ranar da muka yi waya ka tambaye ni me ya sa nake zuba kuɗi a fayafayan garmaho alhali duk waƙar duniya tana cikin wayata. Amsar ta fi ƙarfin hirar waya, shi ya sa na ɗauko biro da takarda.

Ai kai ka jawo min, Yaya. Ka tuna kaset ɗin nan da ka dawo da shi hutu, wanda abokinka ya kwafar maka? Gefe ɗaya Nevermind na Nirvana, ɗaya gefen Automatic for the People na R.E.M., an rubuta sunayen da jan biro. A ɗakin soro muke saka shi, mu rage murya don kada Baba ya ji, shi da ba ya sauraron kowa sai Shata da Ɗan Maraya. In an ɗauke wuta mu koma kan batir, kuma don kada batirin ya ƙare mu zura biro a ramin kaset mu yi ta juyawa har zaren ya koma farko. Abokanmu suna cewa wannan ai hayaniya ce kawai. Mu kuwa ko rabin kalmomin ba ma ganewa, amma mun san daidai inda ganga za ta shigo, da inda mawaƙin zai ja numfashi.

Ga abin da ba ka sani ba. Kaset ɗin mai minti 90 ne, wato 45 kowane gefe, faifan R.E.M. kuwa ya kusa minti 49. Ashe waƙar ƙarshe ba ta samu wuri ba. Shekara da shekaru ina ɗauka a "Nightswimming" aka rufe, waƙar nan mai fiyano da muke yin shiru in ta zo. Da na sayi faifan a nan, na zauna na ji gefen farko, na tashi na juya, na kai har inda na saba jin zare ya ƙare ya yi ƙas. Ina shirin ɗaga allura sai na ji jita ta taso a hankali. "Find the River" ce sunanta. Wallahi Yaya, tsayuwa na yi da hannu a sama har ta ƙare, kuma kai na fara tunawa, domin na san kai ma ba ka taɓa jin ta ba.

A waya da ban kai wurin ba. Da tuni na tsallake zuwa wata waƙar, ko saƙo ya shigo ya ɗauke min hankali. Faifai ba ya ba ka wannan damar. Gefe ɗaya minti ashirin da 'yan kai ne, dole ka zauna, dole ka tashi ka juya, kuma waƙoƙin suna zuwa maka a jeren da masu su suka tsara. Irin zaman da muke yi a soro ke nan, kuma shi nake saya.

Sai da na zo nan na fahimci daga ina wannan kiɗan rok na altanatif ya fito. A shekarun 1980 manyan gidajen rediyon Amurka ba sa saka shi. Gidajen rediyon ɗalibai na jami'o'i ne suka riƙe shi, da ƙananan kamfanonin faifai, da matasa masu yawo gari gari a tsohuwar mota suna wasa a ƙananan ɗakuna. R.E.M. daga wani garin jami'a suke, Athens a jihar Georgia, kuma faifansu na farko mai cikakken tsawo, Murmur, ya fito a 1983. Nirvana kuwa sun ɗauki faifansu Bleach ne da kuɗin da bai fi dala 600 da 'yan kai ba, kamfanin Sub Pop na Seattle ya fitar da shi a 1989. Bayan shekara biyu Nevermind ya fito, a watan Satumba na 1991, kuma a Janairun 1992 ya ture Dangerous na Michael Jackson daga saman jerin Billboard. Ka duba fa, Michael Jackson da ko yaro a unguwarmu ya san rawarsa, samari uku masu yagaggun wanduna suka sha gabansa. Kurt Cobain, mawaƙin Nirvana, bai daɗe ba bayan nan, ya mutu a Afrilun 1994 yana da shekara 27.

Amma in ka tambaye ni wanda na fi sakawa yanzu, Pixies ne na Boston, waɗanda ba mu ma san da su ba a lokacin. Salon nan da ya kama mu a Nevermind, a fara a hankali kamar ana raɗa sannan kwatsam komai ya fashe, a wurinsu Cobain ya ɗauko, kuma shi da bakinsa ya faɗi haka. Faifansu Surfer Rosa na 1988 Steve Albini ne ya ɗauke shi, mutumin da ya ɗauki In Utero na Nirvana a 1993. Aikinsa daban ne: in ganga ta buga kana jin ɗakin da aka buga ta, kana jin bango yana mayar da sautin. Ba ya karɓar kaso daga cinikin faifai, ladan aikinsa kawai yake karɓa, don a ganinsa waƙa ta masu ita ce. Ya rasu a watan Mayu na 2024, kuma na ji mutuwarsa sosai.

Nan garin kuwa na The Smiths ne. Shekara biyar kacal suka yi tare, daga 1982 zuwa 1987, amma har yau mutane suna zuwa ƙofar Salford Lads Club su ɗauki hoto, saboda hoton da ke cikin bangon The Queen Is Dead na 1986. Ni jitar makaɗinsu Johnny Marr nake bi. A kunnena tana da ɗanɗanon hailaif, tana tsalle tana walwali ko da waƙar ta baƙin ciki ce.

Ba duk tsohon abu nake yaba wa ba. Kamfanoni sun gane irinmu sun girma sun samu albashi, sai su sake buga faifai ɗaya da launi kala kala su tsawwala kuɗi. Waɗannan ba na taɓa su. Na gwanjo nake nema, in fito da faifan in karkata shi ga haske in duba ko ya karce.

A irin wannan tonon ne na ci karo da abin da zai faranta maka rai. Kamfanin Matador na New York, wanda ya fitar da Pavement da Yo La Tengo, shi ne ya fitar da Afrique Victime na Mdou Moctar a 2021. Buzu ne ɗan jihar Tawa a Nijar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da salon murya irin na waƙoƙin finafinan Hausa, kuma ta wayoyin hannu waƙoƙin suka bazu a Sahel, wannan ya tura wa wancan. Bahago ne a jita, kamar Cobain. Yau ga faifansa a kanta ɗaya da mutanen da muke ji a ɓoye a soro, kuma in ya saki jitar nan babu wanda ya fi shi wuta a cikinsu.

Akwai mai zuwa gida da Sallah, zan ba shi fayafayai biyu ya kawo maka, na R.E.M. da na Mdou Moctar. Kafin nan ka sa a fito da garmahon Baba daga sito, a duba ko yana juyawa a gudun 33, ka kuma faɗa min lambar da ke jikin kan allurar in haɗo da sabuwa, don tsohuwa za ta cinye faifan. In sun iso ka jingina su a tsaye, kada a kwantar da su ko a ɗora musu kaya, kuma a nisanta su da taga, zafin Kano yana lanƙwasa faifai. Ka kira babban ɗanka ya zauna ku ji tare, tunda ka ce ya fara tambayar kuɗin jita.

Ka gaishe min da Hajiya da kyau, ka ce ta ci gaba da sa mu a addu'a. Ka gaida Anti da yara.

Wassalam,
Ƙaninka.