Kiɗan da Ba Shi da Ubangida

A ƙasarmu da wuya ka ga mawaƙin da ba shi da ubangida. Makaɗin sarki yana da sarkinsa, makaɗin noma yana da manomin da yake zugawa, mai waƙar kokowa yana da gwaninsa, ƴan zamani kuma suna da ɗan siyasa ko alhajin da zai biya kuɗin situdiyo. Ba zagin kowa nake ba, da wannan sana'a aka riƙe gidaje tun kaka da kakanni. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya biya kuɗin waƙa shi ke da ita, ko da daga bakinka ta fito. Shi ya sa nake son in ba ku labarin wani albam da wasu samari suka fitar da kansu, babu kamfani a bayansu, wanda na yi wata uku ina saurare har ƴan ɗakinmu suka gaji da ni.

Sunan albam ɗin Zã Keli, ya fito a 2019, shi ne na farko na wata ƙungiyar makaɗa ta birnin Lome mai suna Arka'n Asrafokor. Da harshen Ewe sunan yana nufin duhu da haske. Wani ɗan'uwana, aparanti ne a manyan motocin da ke ɗauko kaya daga tashar jirgin ruwa ta Lome, shi ya zo da shi cikin kart memuwar, a tsakiyar waƙoƙin Indiya da na Kano. Shi kansa bai san yadda aka yi ya shiga ba. Ya ce mini: "Kai da ka son abin mahaukata, ga naka."

Irin kiɗan ana ce masa hebi metal, wato ƙarfe mai nauyi. Asalinsa Ingila. Da yawa suna ƙirga farkonsa daga ranar 13 ga Fabrairu 1970, lokacin da wasu samari huɗu na Barmingam, garin masana'antu, suka fitar da albam ɗinsu na farko, Black Sabbath, wanda suka ɗauka cikin yini guda. Mai jitarsu, Tony Iommi, inji ya cinye masa kan yatsu biyu a masana'antar ƙarfe yana ɗan shekara 17. Ya ƙera wa yatsun hula da roba, daga baya ya sassauta wayoyin jitar don ya rage zafi, sai sautin ya ƙara kauri. Kenan kiɗan ƴaƴan leburori ne tun farko.

Ga wanda bai taɓa ji ba, ga yadda yake. Jita ce ta lantarki da aka buɗe wa murya har tana gurnani. Mai ganga yana taka ta da ƙafa da sauri kamar injin niƙa ya kama aiki. Mawaƙin wani lokaci ya rera, wani lokaci ya yi ruri daga ƙirji. Da na kunna shi a gida Rumbu lokacin hutu, inna ta leƙo daga madafa ta ce: "Mi ne ne wanga? Radiyon ta ɓaci?" A fada kuwa, muna shan shayi, wani abokina ya ce kiɗan aljannu ne, in kashe kafin a tara mana jama'a.

Abin da ya riƙe ni yana ƙarƙashin gurnanin. Ƴan Lome ɗin ba su ajiye kayan gidansu ba. Akwai gangunan Ewe, akwai ƙararrawar ƙarfe irin kugenmu, akwai amshi na maza da yawa kamar ana fita gayya. Kalmar asrafo da ke cikin sunansu mayaƙa take nufi. Ewe ba na ji, Ingilishina kuma na lise ne, amma jikina ya gane abin tun kafin kaina. Na san wannan tashin tsikar. Ita ce ke kama mutum in an kaɗa wa ƴan tauri, ko in kalangu ya ɗauki zafi a filin dambe, ko in ka ji Ɗan Anace yana zuga Shago. Wanda ya taɓa tsayawa bakin maƙera ranar kasuwar Sakabal, ya ji guduma biyu suna amsa wa juna bisa uwar maƙera, bai kamata ya ce kiɗan ƙarfe baƙo ne gare shi ba.

Abokina yana da tasa gaskiyar. Cikin masu wannan kiɗa a Turai akwai masu wasa da ƙoƙon kan mutum da alamomin da ni ba zan rataya a ɗakina ba, akwai kalmomin da ba zan maimaita ba. Amma ai cikin waƙoƙinmu na biki ma akwai batsar da ba ka iya saurare gaban surukai, kuma ba wanda ya ce a fasa kalangu saboda ita. Ana duba abin da aka faɗa ne da kayan kiɗan.

Zaman kai kuwa ba shi da araha. Kodzo Rock Ahavi, wanda ya kafa ƙungiyar, ya yi kusan shekara goma yana fama kafin albam na farko ya fito, a garin da yawancin mutane ba su san irin kiɗan ba. Sai a 2024 na biyu, Dzikkuh, ya fito ta hannun wani kamfani na Turai. Mu ma muna da namu misalin kusa. Mdou Moctar, Buzu ɗan jahar Tawa, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, gidansu kuma ba sa son kiɗa. Albam ɗinsa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008. Ba metal ba ne, waƙoƙi ne masu taushi, an gyara muryar da na'ura irin ta finafinan Hausa. Ba kamfanin da ya rarraba shi, daga salula zuwa salula ya yi ta yawo ta Bluetooth har ya tsallaka hamada. Yau jitar mutumin nan tana ƙara kamar tsawa a manyan dandalin Amurka da Turai, kuma a Afrique Victime na 2021 da Funeral for Justice na 2024 ya faɗa wa Faransa da shugabannin Afirka abin da mawaƙi mai ubangida ba zai iya faɗa ba.

To mu fa? Mu da aka haifa wajejen 2005, shekarar da yunwa ta shiga jahar Maradi bayan fari da fara, muna da abin yi wa ihu. Kowace damina ana zaman ɗar-ɗar tsakanin manomi da makiyayi a kwarin Tarka. Rabin waɗanda muka fara aji tare sun ajiye karatu, wasu suna Libiya, wasu Aljeriya, wasu suna ramin zinariya a Jado. A watan Nuwamba 2021 yara fiye da 20 suka ƙone cikin azuzuwan zana a birnin Maradi. Ku gaya mini, wace waƙar soyayya ce za ta ɗauki wannan? Wane mawaƙin siyasa ne zai rera shi alhali gobe yana jiran ambulan? Akwai baƙin cikin da in ka rera shi da murya mai daɗi ka rage masa nauyi. Ina ganin wannan shi ne amfanin kiɗa mai ruri: yana ba fushi wurin zama, maimakon ya tafi ga ƙwaya ko ga wuƙa.

Na san a garuruwanmu ko kuran ɗin cajin salula sai an bi layi wurin mai sola, balle jita da amfuli. Amma kalangu yana nan, kuge yana nan, gurmi yana nan, maƙogwaro kuma kyauta ne. Salular da ke aljihunka ta isa ɗaukar murya. Abin da ya rage shi ne kalmomi, kuma nan ne aikin ya zo kanmu, mu masu rubutu a wannan ɗan littafi.

Don haka ga shawarata ga ƴan'uwa. A fitowa ta gaba kowa ya kawo baiti goma da Hausarmu ta gida, kan abin da ke ci masa rai a garinsu, ba yabon kowa, ba roƙon kowa, ba sunan mai kuɗi ko guda. Wanda ya san makaɗi ya zo da shi. Mai son jin Zã Keli kuma ya same ni bayan darasi da kart memuwar ɗinsa, sai dai ya zo da abin sa wa kunne, don ƴan ɗakinmu sun ce sun ƙoshi.