Wace Bindiga Ta Dace Da Maharbin Ƙasar Gumel?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka taimake ni da ɗan fili a jaridarka, in faɗi abin da na sani a kan wata magana da ta yi yawa a bakin samarinmu, watau maganar zaɓen bindigar farauta.

Ni ɗan maharbi ne, jikan maharbi, ko da yake aikin koyarwa ya cinye ƙarfina. Saboda haka kowace shekara in an kai amfanin gona gida, sai yaran da na koyar su riƙa zuwa, wani daga Gagarawa, wani daga Sule Tankarkar, tambayarsu kuwa ɗaya ce. Sun ga hoton wata bindigar Turawa marar nauyi wadda ke ɗura wa kanta harsashi, kowane jan kunama harbi ɗaya, ba sai an tsaya ɗuri ba. Suna so su san wacce ta fi saiti, wacce kuma ba ta ba da kunya. Da na ga tambayar ba ta mutum ɗaya ba ce, sai na ce gara in rubuto kowa ya ji.

Da farko ya kamata a san yadda take aiki. In aka harba, ƙarfin albarushin da ya kori harsashi shi ne ke tura wani ƙarfe baya, ya fid da kwanso, sa'an nan waya mai tsalle ta komo da ƙarfen gaba, ya ɗauko sabon harsashi ya zura. Dabara ce mai ban sha'awa, ba na musu. Akwai wata ƙarama ta Amurka da ake kira Ruger 10/22, tun 1964 ake ƙera ta, nauyinta ya ɗara kilo 2 kaɗan, tana cin harsashi 10, masu harbin zomo a can suna yabonta ƙwarai. Amma fa kowace ƙwarya da abokin burminta. Tambayar da ta dame mu ita ce, ko ta dace da ƙasarmu?

Mu duba rashin nauyin da ake kwaɗayi. Gaskiya ne wanda zai wuni yana ratsa sabara da kalgo zai gode wa bindigar da ba ta karya kafaɗa. Sai dai marar nauyi ta fi rawa a hannu, musamman in mutum ya yi gudu yana haki, kuma in harsashin babba ne ta fi naushin kafaɗa. Wanda bindiga ta saba nausa kuwa, tun bai ja kunama ba yake runtse ido, daga nan saiti ya tafi. Siririn baki kuma da wuri yake zafi, in ya yi zafi harsasai su fara warwatsuwa. Ashe abin da aka rage wa kafaɗa, a wajen saiti ake biyansa.

Na biyu, ƙasarmu ta rairayi ce. Duk wanda ya bi hanyar Maigatari ran Alhamis da hunturu, ya san yadda ƙura ke shiga har cikin haƙora. Ita wannan bindiga rayuwarta a kan ƙarafa masu kai da komo take, suna son mai, mai kuwa shi ke kiran ƙura. In suka haɗu suka yi kwaɓi, sai kwanso ya maƙale. Na taɓa fita da wani baƙo da ya zo da irinta, garken zabin daji ya taso gabansa, harbi ɗaya ta yi ta cije. Yana nan yana fama da tsinke, wani tsoho mai bindiga baki ɗaya ya riga ya rataya zabuwarsa. In kuwa wayar nan ta karye, ba kowane maƙeri ke iya gyaranta ba, alhali mai baki ɗaya ko biyu, a karya ta a leƙa, a zura tsumma, shi ke nan.

Na uku, me muke harbi? Zomo ne, da zabuwar daji, da fakara, da kurciya. Barewar da kakanninmu suke ba mu labari gonakin gero da riɗi sun kore ta, ɗan abin da ya rage kuwa ya fi kyau a bar shi ya hayayyafa. Waɗannan ƙananan namun ba su jiran harbi na biyu. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da adaka ya yi farautarsa. Sanin da ya yi cewa ɗuri ɗaya gare shi, shi ya koya masa rarrafe, da lura da inda iska ke kaɗawa, da haƙuri har nama ya zo taki ashirin. Yaron da ya san yana da tara a baya, na farkon ma ba zai natsu a kansa ba. Sai ya yi ta ɓarin wuta, ya raunata dabba ta tsere ta mutu a banza, ba a ci ba, ba a yanka ba. Malamai sun san hukuncin wannan fiye da ni.

Akwai kuma abin da ya fi wannan tsoratar da ni. Harsashin ƙaramar bindigar nan da ake rainawa yana iya wuce kilomita ɗaya kafin ya faɗi. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ba dutsen da zai tare shi. Bayan kowace gona akwai ruga, ko yaro mai kiwo, ko mace mai itace. Ƙwayoyin darma na bindigar tsuntsaye kuwa ba su nisa ƙarfinsu ke mutuwa. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fita ba.

Sauran maganar doka, wadda samari ba su son ji. Dokar bindigogi ta 1959 ta kasa su kashi uku. Na farko, irin na soja da ƙananan bindigogin hannu, sai da izinin Shugaban Ƙasa. Na biyu, na farauta, izininsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku, masu ɗurin baki irin su adaka, Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da takardarsu. Ku lura, bindigar tsuntsaye mai ɗura wa kanta an cire ta daga kashi na biyu. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai raunin gani, ko mashayi. A 2023 ma an dakatar da ba da sabon lasisi, don haka a fara tambaya a ofishin 'yan sanda tun kuɗi ba su bar aljihu ba. Mu da ke zaune a bakin iyaka, kada wani ya ruɗe mu da araha a bayan fage. Arahar nan ɗauri ne ƙarshenta.

To, ga shawarata. Wanda ya sami izini ya nemi mai baki ɗaya ko biyu, wadda gindinta ya zauna masa daidai a kafaɗa. Ya kafa kwali a jikin tudun rairayi, ya ja taki talatin, ya gwada sau uku ya ga inda take zubawa, domin sai an gwada akan san na ƙwarai. Ya tsaya a kan harsashi iri ɗaya. Ya goge ta duk ran da ya komo, mai kaɗan, ya sa ta a kube, ya ajiye ta ba ɗuri inda yara ba su kaiwa. Sa'an nan ya bi Sarkin Baka na garinsu rani guda yana riƙe masa jaka.

Ina fata maharban Haɗejiya, masu harbin ɗinya a fadama, su ma za su rubuto mu ji nasu ra'ayi. Allah ya kiyaye mu da tsautsayi, amin. Wassalam.

Ni ne naka,
Wani tsohon malamin makaranta, Gumel.