Akori-kurar Mafarauci

Idan kaka ta wuce, ciyawa ta bushe, mafarauta suka fara shirin shiga daji, tunanina kan tafi ga motar da za ta kai su ta dawo da su. Mai ƙaramin ƙarfi ba ya hangen sabuwa. Tsohuwar akori-kura yake nema, kuma a arewa sunan da ke fara zuwa baki shi ne Toyota Hilux, wadda ake ƙerawa tun 1968. Kayan gyaranta na nan a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, bakaniken ƙauye ma ya san cikinta.

Ni dai fenti ba ya ruɗa ni. Ƙarƙashin mota nake so a duba: ko tsatsa ta ci ƙarfen da ke ɗauke da jikinta, ko giyar taimako na shiga, ko lagireto na yoyo. Motar da ba ta ja da ƙafa huɗu, rairayin rafi kan riƙe ta.

An ce araha ba ta ado, to amma kada ta kai ga ganganci. Mutane da karnuka ne a bayanta, kuma daji ba shi da gareji. Gara a ƙara kuɗi kaɗan, kowa ya kwana gida.