Kare da Ruwan Mashaya

Muna jawo hankalin 'yan'uwa ga mashayun da ke fadamar Kalgo da tafkunan Gwandu, inda mata ke ɗibar ruwa, yara na wanka, karnukan makiyaya da na mafarauta kuma suna shiga yadda suka ga dama. In aka yi magana, sai wani ya ce ai kare ba najasa ba ne a mazhabarmu.

Haka ne. A wurin Imamu Malik kare mai rai tsarkakakke ne, har da yawunsa, wanke ƙwarya sau bakwai in ya yi lallage a ciki kuwa bin umarni ne kawai. Amma kashinsa da fitsarinsa najasa ne. Sa'an nan ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su sāke ba yana halatta alwala, duk da haka yana iya ɗauke da cutar da ido ba ya gani. Hukuncin alwala bai ba da tabbacin lafiyar mai sha ba.

Turawa sun lura da wannan. A Ingila garuruwa da yawa na bakin teku suna hana kai karnuka wuraren wanka daga Mayu zuwa Satumba, su keɓe musu wani gefe. Amurka kuwa ta yi doka a 2000 don a riƙa auna ƙwayoyin cuta a ruwan gaɓa, a sanar da jama'a in sun yi yawa. Ga misali kusa da mu: a 2013 aka shaida Nijeriya ta rabu da kurkunu, alhali tun 2012 ake samunsa a jikin karnuka a Chadi, suna mayar da shi cikin ruwa.

Ba mu ce a kori kare da ƙishirwa ba, gama ya zo a hadisi an gafarta wa wani saboda shayar da shi. Haka kuma an hana bahaya a mashaya, da fitsari a ruwan da ba ya gudu. Abin da muke roƙo, hakimai da masu unguwanni su raba mashaya: mutane daga sama, dabbobi daga ƙasa. A tafki kuwa a ɗebo wa kare nasa a kasko, a tafasa na sha. Garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya cancanci ya riga kowa yin haka.

Allah Ya ba mu ikon kiyayewa, amin.