Amsar Baƙon Zubi

A Zangon Hausawa na Tamale, inda nakan zauna kallon dara bayan la'asar, na lura 'yan wasa sun fi shakkar mai baƙon zubi a kan gwanin da suka saba da hannunsa. Gidaje 30 ne, kowa da 'ya'ya 12. Idan na farko ya ƙyale tsakiya ya dasa ɗansa a lungu, sai na biyu ya shiga wasiwasi: tarko ne, ko rashin sani?

Haka take a darar Turawa. A 1924, a birnin New York na Amurka, Tartakower ya buɗe wasa da tura sojan da ke gaban dokinsa gida biyu, zubin da manyan gwanaye ba su saba gani ba. Maroczy bai biye masa ba. Ya kama tsakiya, ya fito da mayaƙansa a tsanake, aka tashi canjaras.

Abin da nake faɗa wa ɗalibaina ke nan: na biyu kada ya rama baƙon zubi da irinsa. Ya duba gidan da abokin karawarsa ya bari a buɗe, ya zuba a nan. Mai gaggawar hukunta ganganci, shi akan ci.